Tafiyar ayari zuwa Caina: kafin ka biya, tambayi wa ke biyan ɗan jagora

Duk shekara idan Afrilu ko Oktoba ya gabato, sai ka ga talla ta cika guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, daga Agege da Mile 12 har Sabon Ibadan da Ama Hausa ta Owerri. Maganar ɗaya ce: tafiya Caina cikin ayari, biza da tikiti da otal da abinci da ɗan jagora, duk a kuɗi ɗaya. Wasu su haɗa da hoton Babbar Ganuwa, wasu kuma hoton kwantena cike da kaya. Matasanmu da dama da suka tara ɗan jari a harkar shanu, ko kayan gwari, ko canji, ko sayar da waya, sun fara ɗaga kai suna lissafi.

Ba laifi ba ne. Tafiya mabuɗin ilimi, kuma wanda bai taɓa fita ba, bai jin yaren ƙasar, shiga ayari ya fi masa sauƙi da kwanciyar hankali. Amma akwai tambaya ɗaya da ta kamata kowa ya yi kafin ya tura kuɗinsa: wannan ɗan jagoran da zai riƙe mu kwana goma, daga aljihun wa abincinsa ke fitowa? Amsar ita za ta gaya maka irin tafiyar da ka saya.

Me ya sa harkar ta yi zafi yanzu

Lokacin tallar ba haɗuwa ba ce kawai. Baje kolin Canton, wanda ake yi a birnin Guangzhou tun 1957, sau biyu yake ci a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, sai kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Masu shirya ayari a kansa suke ɗora jadawalinsu.

Sannan ga matsin Naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ribar ƙaramin ɗan kasuwa da ke sari a Alaba ko Balogun ta matse, don haka kowa na neman ya tsallake na tsakiya ya je tushe. A ɓangaren gwamnati ma hulɗar ƙaruwa take yi. Shugaba Tinubu ya je Beijin a Satumbar 2024, sannan a Disambar shekarar aka sabunta yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15 tsakanin manyan bankunan ƙasashen biyu, wadda aka fara ƙullawa a 2018.

Sai dai akwai wani labari da ke ruɗa mutane. Tun ƙarshen 2023 Caina take ta cire wa ƙasashe biza, kuma a Disambar 2024 ta ba 'yan ƙasashe sama da 50 damar yada zango na awa 240 ba tare da biza ba. Najeriya ba ta cikin wannan jeri. Mai koren fasfo na gama-gari sai ya nemi biza kafin ya tashi. Duk ejan da ya ce maka yanzu an buɗe wa kowa ƙofa, to ka riƙe kuɗinka.

Darasin da muka sani tun daga kara

Mu da muka taso a harkar shanu, wannan tsari ba baƙo ba ne a wajenmu. Falke ya loda tirela daga Potiskum ko Maigatari ko Mubi, ya sauka a Kara ta bakin Legas, ko Akinyele a Ibadan, ko Lokpanta a Abiya. Bai san mahautan garin ba, wataƙila bai jin yarensu. Sai ya sauka wajen maigidansa. Maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, in an sayar da bashi ya tsaya masa lamuni. Ladan wannan aiki shi ne la'ada.

Abu biyu ne suka riƙe wannan tsari shekara da shekaru. Na farko, la'ada a fili take, mai saye ya san ta, mai sayarwa ya san ta. Na biyu, maigida ba ya guduwa. Gidansa na nan, sunansa na nan, in ya ci amana ƙarar tana zuwa gaban Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa, kuma fatake su daina sauka wajensa.

Ɗan jagoran ayari a Caina aikin maigida da dillali yake yi a haɗe. Shi zai tare ku a filin jirgi, shi zai kai ku otal, shi zai yi tafinta, shi zai nuna shagon da za a shiga. Bambancin shi ne sau da yawa ba ka san la'adarsa ba, ba ka san gidansa ba, kuma ranar da jirginku ya ɗaga babu Sarkin da za ka kai wa ƙara.

Araha ba ta ado

In ka ga kuɗin ayari bai ma kai kuɗin tikiti da otal ba, kada ka ce ka yi tsintuwa. Akwai inda za a fanshe. Su kansu mutanen Caina sun daɗe suna fama da wannan a yawon buɗe idonsu na cikin gida: kamfani ya karya farashi, sannan a yi ta tsayar da bas a shagunan gwal da shayi da magungunan gargajiya, ɗan jagora na karɓar kamisho a kan duk abin da aka saya. Abin ya kai ga dokar yawon buɗe ido da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2013 ta hana shirya tafiya a farashin da bai dace da hankali ba don a ci riba ta hanyar tilasta sayayya, har ta ba matafiyi kwana 30 bayan tafiya ya nemi a mayar da kayan a biya shi. Duk da haka, a Oktoban 2015 wani ɗan yawon buɗe ido daga cikin Caina ya rasa ransa a Hong Kong bayan dukan da ya sha a rigimar da ta tashi kan ƙin sayayya a wani shagon kayan ado.

Ga ɗan kasuwa kuwa, abin ya fi shayi da sarƙa tsada. Mu yi lissafi a misali. A ce ka tafi da jarin Naira miliyan 20, tafinta ya faɗa wa mai shago da yarensu ya ɗora masa kashi 5 cikin 100 a kan farashi. Miliyan ɗaya ta tafi kenan, kana tsaye kana murmushi kana godiya. Karɓar la'ada halal ne, wanda ya yi aiki ya ci guminsa. Ɓoye ta ce matsalar, domin mai ɓoyayyar la'ada shagon da ya fi ba shi zai kai ka, ko da na kusa da shi ya fi kaya mai kyau.

Jadawali: kwana nawa ne naka?

Baje kolin Canton kashi uku ne, kowane kwana biyar. Kashi na farko na kayan lantarki ne da injuna da kayan gyaran motoci. Na biyu kayan gida da na kicin, kayan ado, kayan gini da kujeru. Na uku tufafi, yadi, takalma, jakunkuna, kayan wasan yara, abinci da kayan asibiti. Tsakanin kashi da kashi ana rufewa na 'yan kwanaki a canja kaya. Mai neman takalma da aka kai shi a kashin farko ya biya kuɗin jirgi ne ya je kallon janareta.

Sannan a Canton yawanci samfur ake nunawa, masana'antu na neman mai odar kaya masu yawa. Mai ƙaramin jari da ke son katan biyar na wannan, katan goma na wancan, kasuwar Yiwu da ke lardin Zhejiang ta fi dacewa da shi, inda akwai shaguna sama da 70,000. Amma daga Guangzhou zuwa Yiwu ya haura kilomita 1,000, kamar ka ce Legas zuwa Kano. Beijin da Babbar Ganuwa kuma sun fi haka nisa, can arewa. Ayarin da ya yi maka alƙawarin duka ukun a mako ɗaya, rabin kwanakinka a jirgi da bas za su ƙare. Ka ƙara da cewa agogonsu na gaban namu da awa 7, kwanan farko yawanci barci ke cinye shi.

Biza da doka

Harafin da ke jikin bizarka yana da ma'ana. L ta yawon buɗe ido ce, M ta kasuwanci, Z ta aiki, X ta karatu. L da M babu wadda ta ba ka damar kama aikin albashi. Akwai kuma bizar ayari, wadda ake bayarwa a takarda ɗaya da sunayen kowa, sharaɗinta ku shiga tare ku fita tare. Mai irin wannan ba zai ce zai ƙara kwana uku ya jira kayansa ba.

Dokar shige da fice da ta fara aiki a Yulin 2013 ba ta wasa. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa ana iya cin sa tarar yuwan 500 a kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15, kuma in an maido shi gida ana iya hana shi shiga ƙasar na shekaru. Wanda ya kwana a gidan aboki maimakon otal, dole a yi masa rajista wajen 'yan sanda cikin awa 24. Masu raɗa wa yara cewa su bi ayari, in an isa su sulale su nemi aiki, ramin mugunta suke gina musu. Kuma duk wanda ya sulale ya ƙara wa na bayansa wahalar samun biza.

Mun kuma ga abin da ya faru a Afrilun 2020, lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Caina ya nuna masa bidiyo. A rana irin wannan ne amfanin ayari na gaskiya ke fitowa: kamfani mai rajista da takardun otal a hannu, da wanda zai tsaya ya yi magana da hukuma. Najeriya na da ƙaramin ofishin jakadanci a Guangzhou, ka rubuta lambarsa a takarda kafin ka tashi.

Abinci, salla da waya

Nan ma a yi magana tun a gida. Naman alade ya yi yawa a girkinsu, har da kitsensa a abin da ido zai ɗauka ganye ne zalla. Amma akwai Musulmi miliyoyi a ƙasar, gidajen abincinsu na ɗauke da alamar halal, kuma unguwar Xiaobei a Guangzhou cike take da su. A birnin akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar. In jadawalin bai ware lokacin Juma'a ba, ku nemi a sa tun kafin a biya.

WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke a can. Da WeChat ake magana, da shi da Alipay ake biyan kusan komai. Wanda ya sauka bai shirya wayarsa ba ya zama makaho, ɗan jagora ne sandarsa. Ka sauke su tun a nan, ka sa manhajar fassara da ke aiki ba intanet. Da ita da kalkuleta za ka iya tambayar farashi da kanka a shago na biyu da na uku.

Abin da za a tambaya kafin a tura kuɗi

Kamfanin na da rajistar CAC da ofishin da za ka iya takawa ka je? Yana cikin ƙungiyar NANTA ta masu harkar tafiye-tafiye? Asusun da za a biya na kamfani ne ko na wani mutum?

Wace irin biza za a nema, ta kwana nawa, kuma in ba ta fito ba nawa za a maido?

Sunan otal, ranakun tafiya, da kashin baje kolin da za a tarar, duk a rubuce suke?

Nawa ne ladan tafinta, wa ke biya, kuma an yarda ka shiga shagon da ka zaɓa kai kaɗai?

Wa zai duba kayan kafin a loda, wa zai yi jigila, da sunan wa rasit zai fito? Kuɗin kwastan a Apapa ko Onne, da takardun SON ko NAFDAC in kayan na buƙata, suna cikin lissafinka?

Fasfo kuma a jikinka yake kwana. Otal zai karɓa ya yi rajista ya maido, amma babu dalilin da ɗan jagora zai riƙe shi har ƙarshen tafiya.

Aikin shugabanninmu

Wannan ba nauyin mutum ɗaya ba ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu a kudu suna da abin da ejan ba shi da shi, wato sanin juna. Muna da 'yan uwa daga Kwari da Wambai da suka shekara suna zirga-zirgar Guangzhou, muna da ɗalibai Hausawa da suka yi karatu a can suna jin yaren. Ƙungiya za ta iya haɗa nata ayarin, ta ɗauki tafinta ta yanka masa lada a fili, ta riƙe sunayen kamfanonin da suka cika alƙawari da waɗanda suka saɓa. Tsarin maigida ne dai da iyayenmu suka kafa a kara, a ɗauke shi a kai wata kasuwa.

Wanda kuma zai je karo na farko, shawarata kada ya kwashi jarinsa duka. Ya je ya ga hanya, ya karɓi katin shaguna, ya sayo samfur, ya gwada a kasuwarsa. In kaya sun karɓu, oda ta biyu ko daga Agege ana iya yin ta a waya.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a nema.