Lantarki: Me ya sa wutar Gorou Banda ba ta isa Maraɗi da Damagaram?

Tun da Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, bayan takunkumin ƙungiyar CEDEAO, batun dogaro da kai bai bar bakin hukumomi da talakawa ba. Kafin nan, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar kamfanin Nigelec daga Najeriya take zuwa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma tambayar tana nan: da me ƙasar za ta samar da wutarta, kuma ta wace hanya za ta kai ta ga jama'a?

A Gorou Banda, kusa da Yamai, akwai tashoshi biyu. Ta farko, wadda aka buɗe a 2017 da megawat 80, mai take ƙonawa. Tana aiki dare da rana, sai dai wutarta na da tsada. Ta biyu ta hasken rana ce, mai megawat 30, da ta fara aiki a ƙarshen 2023. Wannan ba ta cin mai, amma da faɗuwar rana aikinta ke tsayawa, daidai lokacin da gidaje ke kunna fitilu da fankoki.

Babbar matsalar mazauna Maraɗi, Damagaram da Tawa ita ce layukan ƙasar ba a haɗe suke ba. Yankin kogi, inda Yamai take, yana karɓar wuta ta layin Birnin Kebbi. Yankin tsakiya maso gabas kuwa ya dogara ne da layin Katsina zuwa Gazawa, da ƴan tashoshin da ke cikinsa, irin ta hasken rana mai megawat 7 a Malbaza. Arewa na da tashar kwal ta Sonichar a Anou Araren. Don haka ko wuta ta yi rara a Yamai, babu hanyar tura ta ga mai walda a Maraɗi ko mai injin niƙa a Damagaram.

Manyan ayyuka biyu ne ake sa wa ido: madatsar ruwan Kandaji a jihar Tillaberi, da aka tsara za ta bayar da megawat 130, da kuma tashar kwal ta Salkadamna a jihar Tawa. Ruwa da kwal na iya bayar da wuta ko da dare, abin da rana ba ta yi sai da manyan batura. Sai dai an aza tubalin Kandaji tun 2008, kuma aikin ya sha tsaiko.

Gina tasha rabin aiki ne. Muddin ba a shimfiɗa babban layin da zai haɗa yamma da tsakiyar ƙasar ba, Maraɗi da Damagaram za su ci gaba da shiga duhu duk ranar da layin Katsina ya samu matsala.