Launin Fatar Wa? Jan Farce, Lalle da Buta a Ungogo

Hausa ta raɗa masa suna jan farce tun yana ja, kuma sunan bai sauya ba ko da launin ya sauya. Wanda ya leƙa shagunan kayan kwalliya a Rijiyar Zaki ko Bachirawa zai tarar da jerin ƙananan kwalabe waɗanda babu ja a cikinsu ko kaɗan: ruwan hoda mai haske, ruwan madara, ruwan ƙasa, ruwan zuma. Turawa na kiran wannan rukuni nude, wato launin da zai saje da fata har a ɗauka ba a shafa komai ba. Masu sayensa yawanci ma'aikata ne, malamar makaranta ko ma'aikaciyar banki, wadda ke son hannu mai tsabta wanda ba ya jan ido.

Ungogo wuri ne da ya dace a auna wannan kwalliya. Ƙaramar hukumar, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum 369,657, tana manne da birnin Kano ta arewa, inda sababbin unguwanni ke cin gonakin da aka gada kaka da kakanni. Mace kan fita da safe zuwa ofis a birni, ta dawo da yamma unguwar da surukarta ke daka ganyen lalle a turmi. Idanu iri biyu ke kallon hannunta, kuma launin da aka ce ya dace da kowa an auna shi ne a kan wani hannu dabam, mai wata rayuwa dabam. Kafin ya karɓu a nan, sai ya ci jarrabawa biyu: ta fata da ta buta.

Jarrabawar fata

Shekaru da dama, idan kamfanonin Turai da Amurka suka ce "launin fata", fatar Bature suke nufi. Sai a 1962 kamfanin Crayola ya sauya sunan wani alƙalamin fentin yara da yake kira launin jiki. Sai a 2013 Christian Louboutin ya fitar da takalman launin fata kala biyar, a 2017 kuma Fenty Beauty ta fito da hoda kala 40. Gyaran ya zo a makare, kuma abin da ke isowa kantunan Kano har yanzu ya fi karkata ga masu haske.

Sakamakon a bayyane yake ga duk wadda ta gwada. Ruwan hoda mai haske a kan baƙin hannu yakan zama kamar an barbaɗa toka, balle a lokacin hunturu da fata ke yin furu-furu. Ruwan madara yana raba farce da yatsa, ya fito da duhun gaɓoɓi, har ya fi ja ɗaukar ido. Mai wankan tarwaɗa ta fi samun biyan buƙata a ruwan zuma da ruwan ƙasa mai ɗan ja. Baƙar mace kuwa, nata launin yana wajen makuba da ruwan goro mai duhu, launukan da mai shago ba ya ma jerawa a rukunin. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a fito hasken rana, domin ƙwan shago yana ruɗi, a shafa sau biyu, a bari ya bushe, sannan a kwatanta da fatar gindin farce.

Wannan ya wuce zancen ado. A garin da man bilicin ya zama ruwan dare, kwalbar da ke gaya wa yarinya cewa launin fata shi ne mai haske tana ƙara wa wutar itace ne. Mace ba ta da dalilin gyara hannunta don ya dace da kwalba.

Jarrabawar buta

Ta biyun ta fi nauyi. Jan farce narkakken sinadarin naitiroselulos ne, ɗan uwan fentin mota na shekarun 1920. Idan ruwan da aka narka shi a ciki ya bi iska, sai ya bar wani siririn ɓawo a kan farce. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, sharaɗi ne na ingancin alwala kada wani abu mai jiki, kamar kaki, ya shiga tsakanin ruwa da gaɓa. Shi ya sa mafi yawan mata ba sa shafa jan farce sai a kwanakin fashin salla. Shi ya sa kuma jan farce ya zama sanarwa: duk wanda ya gani ya san halin da mace take ciki, ko kuma ya yi mata mummunan zato.

A nan ne launi mai sanyi ke da farin jini na musamman, domin yana rufa wannan asiri. Sai dai ɓoyuwa ga ido ba ta buɗe wa ruwa hanya. Ɓawon ruwan madara da na ja duk kauri ɗaya ne. Hasali ma wanda ba a gani ya fi saurin shiga mantuwa, har a kai Azahar ba a goge ba.

Kamfanoni sun lura da wannan kasuwa. Inglot na ƙasar Poland ya fitar da samfurin O2M a 2009, wanda aka ce iska da tururi na ratsa shi. Ya yi suna a tsakanin Musulmi bayan wani malami a Kalifoniya, Mustafa Umar, ya rubuta a 2012 cewa an gwada shi a kan takardar tace kofi, ruwa ya wuce. A 2017 Orly ma ya fitar da nasa da tambarin halal. Amma tambayoyin ba su ƙare ba. Takarda tana tsotsar ruwa, farce ba ya yi. Shafi ɗaya da shafi biyu ba ɗaya ba ne, kuma wucewar tururi dabam take da wankin da ake nufi a alwala. Malamai sun saɓa a kai. Ga kuma matsalar kasuwar da jabu ya yi wa katutu, inda buga kalmar halal a jikin kwalba ba ya buƙatar komai sai injin ɗab'i.

Abin da ke bakin gona

Lalle ya ci jarrabawar biyu tun kafin a shirya ta. Sinadarin da ke cikin ganyensa yana shiga cikin farcen ne ya rina shi, ba ya barin ɓawo, don haka da zarar an wanke kwaɓin, ruwa na isa ko'ina. Launinsa kuma, daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, yana zama daram a kan kowace fata da ake samu a ƙasar Hausa. Tsofaffin da suka kwana da hannu a zunguru sun san cewa daɗewar ƙunshi ita ke sa launi ya nuna, wanda ke nufin mai son launi mara ƙarfi za ta iya samu ta hanyar rage lokaci.

Yana da nasa aibin. Ba a goge shi. Farce na tsiro da kimanin milimita 3 a wata, saboda haka sai an yi watanni ana yawo da rabi ja rabi fari. Kwaɓinsa na cin lokacin da ma'aikaciya ba ta da shi. Sannan ba duk abin da ake kira lalle ne lalle ba. Dayis, wato baƙin lalle, yakan ƙunshi sinadarin PPD na rinin gashi, wanda ke iya tayar da ƙuraje da ƙuna, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba.

Waɗannan aibobi na sarrafawa ne, kuma wasu sun magance su. Garin Sojat a jihar Rajasthan ta Indiya ya sami rajistar sunan lallensa a 2021, ta yadda ba mai sayar da wani da sunan. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adar lalle cikin jerin gadon ɗan Adam bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. Nijeriya ba ta cikinsu, alhali sa lalle rukuni ne na bikin Bahaushe. A ƙauyukan Kano ana dasa lalle a matsayin shingen gona, kuma duk gonar da aka yanka filoti a Ungogo tana tafiya da shingenta.

Babu laifi ga wadda ta zaɓi jan farce a kwanakin da ya sauwaƙa mata, matuƙar ta zaɓi launin da hannunta ya yarda da shi. Gurbin da ke jiran masu jari da masu ilimin haɗa sinadarai na Jami'ar Bayero shi ne tataccen lalle mai tsabta, a ƙaramin mazubi, da matakan launi uku ko huɗu da aka gwada a kan hannun matan Kano, da jerin abin da ke ciki a rubuce da Hausa. Ganyen na nan a Ungogo, masu saye ma na nan.