Kumburin jijiyar ido: kada mu firgita, kada mu yi sake

Idan likitan ido ya haska bayan idon yaro ya ce kan jijiyar gani ya kumbura, iyaye kan kasu biyu. Wasu su ruɗe su fara kuka, wasu su ce ai yaro yana gani, su koma gida. Ni a ganina duka biyun sun yi gaggawa.

Jijiyar gani tana fita daga ido ta wata ƴar ƙofa da faɗinta bai kai milimita 2 ba, kuma zaruruwa sama da miliyan 1 ke bi ta nan zuwa ƙwaƙwalwa. Wasu yara da ƙaramar ƙofa aka halicce su, musamman masu wahalar ganin kusa. Sai zaruruwan su cunkushe kamar jama'a a bakin kasuwa, wurin ya yi tudu, ya yi kama da kumburi alhali ba shi ba ne. Wasu kuma ƴan tsakuwoyin kalsiyom ne binne a wurin. Irin wannan bibiya yake buƙata, ba tashin hankali ba.

Kumburin gaske kuwa ba wasa ba ne. Alama ce ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya yi matsi, ko saboda ƙari, ko sanƙarau da muka sani a lokacin zafi, ko toshewar jijiyar jini. In aka bar shi, gani na iya tafiya ba dawowa.

Kallo ɗaya ba koyaushe yake rarrabe su ba, ko ga ƙwararre. Don haka iyaye, ku tambaya: na gaske ne ko kama ce? Eko na ido yana nuna tsakuwoyin, hoton bayan ido kuma ana kwatanta shi da na gaba. Ku adana karnen yaro da hotunan. In an ce a yi sikana a Maradi, Damagaram ko Yamai, kada a jira kaka.

Malaman lakwal, ku ke wuni da yaran. Ciwon kai da sassafe tare da amai, ganin abu biyu-biyu, duhun ido na ɗan lokaci in yaro ya miƙe: ku rubuta ranar, ku kira uwaye, ku ce a je likita yau. Wannan takardar taku tana iya zama abin da zai nuna wa likita wane kumburi ke gabansa.