Ba Rigar Aro Ce Ta Yi Laifi Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun dattawa, tun daga Limawa ta Dutse har birnin Kano, wai mulkin shugaban ƙasa irin na Amurka da Nijeriya ta ɗauka a 1979 rigar aro ce, ba ta rufe katara, saboda haka da soja suka tuɓe Alhaji Shehu Shagari ran 31 ga Disamba 1983, ceton ƙasa suka yi. Maganar tana da daɗin ji, amma in aka ɗora ta bisa ma'aunin tarihi ba ta da nauyi.

Ba mai musun cewa zamanin Shagari ya zo da wahala. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shi kuwa a 12 ya samu. Ta goma sha ukun ita ce Kano, wadda Dutse ke cikinta a lokacin, inda jama'a suka bi PRP ta Malam Aminu Kano, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama kana aka rantsar da shi. A 1980 aka kori Alhaji Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Barno, zuwa Cadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. A ƙarshen shekarar tarzomar Maitatsine ta tashi a Kano. A 1981 aka tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna, sa'an nan kuɗin man fetur ya faɗi, zaɓen 1983 kuma ya cika da kukan maguɗi.

To, amma mai karatu ya dubi masu rigar su kansu. Sa'ad da Joj Washinton ya hau mulkin Amurka a 1789, bashin yaƙi ya tarar jibge. Manyan wakilansa biyu, Hamilton mai kula da baitulmali da Jefasan mai kula da harkokin waje, ba su ga maciji. A 1794 manoman yammacin Pensilbaniya suka ƙi biyan harajin barasa, sai da ya tara mayaƙa wajen 13,000 kafin su lafa. Magajinsa Jon Adams ya sa hannu a wata doka a 1798 wadda da ita aka ɗaure editocin jaridu, har da ɗan majalisa, don sun zargi gwamnati. Zaɓen 1800 kuwa ya cije, sai da Majalisar Wakilai ta jefa ƙuri'a sau 36 kafin Jefasan ya fita. Wace fitina ce Nijeriya ta gani wadda ba ta da 'yar'uwa a nan?

Bambancin guda ne: can ba a sami hafsan da ya ce shi ne maganin abin ba. Adams ya sha kaye ya koma gonarsa, abokin hamayyarsa ya hau a 1801, dokar ɗaure editoci ta mutu. Watau tsarin ya gyara kansa da hannun masu ƙuri'a.

Nan ma alamun gyara sun fara bayyana. Kotu ta ba Shugaba Darman gaskiya, ya komo gida. Wa'adin Shagari zai ƙare a 1987, tsarin mulki kuma ya hana shi neman na uku. Shekara huɗu kaɗai ake bukata a jure. Maimakon haka aka yi gyaran gangar Auzinawa: mulkin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa bai komo ba sai 29 ga Mayu 1999, kuma ba a ga jam'iyya mai mulki ta miƙa wa ta hamayya ragamar ƙasa ba sai 2015. Abin da Amurka ta koya cikin shekara 12, Nijeriya ta yi ta jiransa har shekara 55 bayan samun mulkin kai, gama duk sa'ad da almajiri ya fara haɗa baƙi sai a wanke masa allo.

Saboda haka samarin da suka ga juyin mulkin Nijar na 2023 suka soma tafi, su tambayi dattawan Limawa me shekarun soja suka ƙara musu. Mugun shugaban da aka zaɓa yana da ranar sauka a rubuce, wanda ya hau da bindiga kuwa ba mai sanin tasa sai Allah. Allah ya ba shugabanni adalci, ya ba talakawa haƙuri, amin.