Sukuwar Ƙosasshe Da Mayunwaci

Ya ku 'yan makaranta, ku karkaɗe kunnuwa ku ji. A cikin shekarar 1440 Sarkin Ingila, Henry na 6, ya kafa makarantar Eton, don yara matalauta 70 su sami ilmi kyauta. Yau kuɗinta ya haura fam 60,000 a shekara. Guraben nan 70 suna nan, amma ba a samunsu sai an ci wata jarrabawa mai tsanani, yaro yana wajen shekara 13. Kamar 14 kaɗai akan ɗauka kowace shekara.

Waɗansu sukan ce jarrabawa ba ta san ɗan kowa ba. Mu kam ba mu yarda ba. Galibin masu cinta daga ƙananan makarantun kuɗi suke fitowa, inda aka yi shekaru ana horonsu da Latin da lissafi saboda ranar nan. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. In aka yi sukuwa da dokin da ya ƙoshi da dawa da kanwa, da wanda ya kwana da yunwa, ai kiwo aka gwada, ba gudu ba.

Ba mu musa ba, makarantar takan rage wa marasa hali kuɗi. To, amma ina amfanin ragi ga yaron da bai sami mai shirya shi ba?

Saboda haka, wanda ya ci jarrabawa cikinku kada ya raina wanda ya faɗi. Watakila gata ya fi shi, ba hankali ba.