Filin Direbobi da Kanikawa: Mota Tana Tsaye, Inji Yana Gudu

Kaka ta yi, an ɗaure gero, an cire gujiya, motocin Gabi ba su rasa lodi. Kowace safiya ana jidar fasinja da buhunan wake zuwa Madarumfa da Maraɗi, waɗansu kuma su nufi Ɗan Isa, bakin iyaka. Lokacin nan ne direba yake samun abin da zai riƙe gida da shi har rani. Saboda haka motar da take shan mai tana tsaye, daga aljihun direba take sha.

Ga abin da ya sami wani direban Gabi mai tsohuwar Corolla. Motarsa ta riƙa mutuwa in ya ɗaga ƙafa daga totur. Aka ce masa maƙogwaron inji ne ya gaji, wato ƙarfen nan mai marfi a ciki da iska take bi ta shiga inji. Kanikawan Maraɗi suna ce masa papiyon, na Katsina da Kano kuwa bakin injekta. Ya sayo na hannu, aka ɗaura masa. Mota ta daina mutuwa, amma sai ta shiga wani hali. Tana tsaye, ƙafa ba ta bisa totur, inji yana ruri, allurar agogo tana kan 2000. Giya ba ta shiga sai da ƙara. Man da yake kai shi Maraɗi ya komo da shi ya daina isa. Rannan cikin tasha ya saki kuloci, mota ta zabura, saura kaɗan ta hau tiren wata mai tallan ƙosai.

Ya kamata a san yadda lafiyayyen inji yake. In ya yi zafi, mota tana tsaye, yawancin ƙananan motocin fetur suna juyi tsakanin 600 da 900 cikin minti ɗaya. Wannan shi ne silo, ko ralanti. Da sanyin safiya yakan fara sama da haka, kamar 1200 ko 1500, sa'an nan ya sauko da kansa in ya ɗumama. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne inji ya yi zafi amma ya ƙi saukowa.

Direban ya koma gareji. Yaron gareji ya ɗauko sukudireba zai juya ƴar kusar da marfin papiyon yake tsayawa a kanta. Maigidansa ya riƙe masa hannu.

Direba ya ce, "Baba, ai ƙyale shi ya rage mata, sauri nake."

Bakanike ya ce, "Ɗana, wannan ba Fijo ba ce. In ya taɓa kusar nan, ciwo ɗaya ya zama biyu."

Gaskiyar dattijon ce. Yawancin manyan kanikawan ƙasar nan a kan Fijo 404 da 504 suka koyi aiki, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Waɗannan kafireta gare su, kuma da kusa ake saita silonsu, a juya dama a juya hagu har kunne ya gamsu. Mota mai injekta ba haka take ba. Tana da ƙwaƙwalwa, ita take auna iskar da ta shiga ta ba da mai daidai da ita, misalin kilo 14,7 na iska ga kilo 1 na fetur. In iska ta ƙaru, sai ta ƙara mai, inji ya ƙara gudu. Ke nan injin da yake ruri yana tsaye, iska ce ta yi masa yawa. Aikin bakanike ya gano inda take shiga. Kusar nan kuwa tun daga masana'anta aka saita ta, har akan ɗiga mata fenti don kada a taɓa.

Da ido aka fara, don shi ba a biyansa. Aka kashe inji, aka duba wayar totur. In an ja ta ta yi tsauri wajen ɗauri, marfi ba ya rufewa sarai. Dole a bar mata ɗan sako-sako, kuma a ji marfin yana komawa ya buga kusarsa in an sake shi. Akan tarar ma tabarmar ƙafa ce ta danne totur. Na direban Gabi lafiya lau.

Sai aka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya. Wajen cire tsohon papiyon ana zare ƙananan tiyo da yawa, kuma robar da ta sha zafin rana shekara da shekaru tsagewa take in an murɗa ta. Wani a manta ba a mayar ba, wani a mayar da shi tsagagge. Akwai babba guda da yake zuwa tukunyar birki. Shi ya fi haɗari, gama in yana shan iska, ban da rurin inji, birki yakan yi tauri ƙarƙashin ƙafa. Direban da ya ji alamun nan biyu tare kada ya ɗauki fasinja sai an gyara.

Da ido bai ga kome ba, bakanike ya tada inji. Ya yanko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunne, ɗaya bakin yana zagayawa da shi gefen papiyon. Inda iska take sata, ana jin tana huci kamar kumurci. Ya ji ta ƙasa, inda papiyon ya haɗu da jikin inji. Ya fesa ruwa wurin, nan take muryar inji ta sauya, ta faɗi ta sake tashi. Waɗansu da fetur suke wannan gwaji. Mugun hali ne, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye mota da mai gyaranta. Kuma mai babbar riga ko rawani ya tuɓe kafin ya sunkuya kan inji mai aiki, saboda fanka da bel.

Aka kwance. Ashe juwan ne, wato ƴar takardar nan da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Tsohon aka mayar, ya yage gefe guda, aka shafe shi da gam. Abin da ya fi kome araha cikin aikin duka, shi aka yi wa rowa. Aka kankare wurin, aka sa sabo, aka ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan, don kada gefe ɗaya ya danne ya bar ɗaya. Allura ta sauko 1100.

Saura ke nan. A nan ne direbobi da yawa suke cewa kayan da aka sayo ba shi da kyau, su koma kasuwa. Alhali ƙwaƙwalwar mota tana da sabo. Ta daɗe tana aiki da tsohon papiyon da ƙura da baƙin mai suka toshe, ta saba buɗe ƴar ƙofar silo da yawa don inji ya samu numfashi. An kawo mai tsabta, ita kuwa ba ta sani ba. Bakanike ya cire kan batir na baƙar waya, ya bar shi ɗan lokaci, ya mayar. Ya tada inji, ba fitila, ba rediyo, ba taɓa totur, har ya yi zafi sosai. Suka zagaya gari suka komo. Allura ta kwanta wajen 800.

Da abin bai tsaya nan ba, da akwai sauran wuraren dubawa. Ƴar ƙofar silo, wadda ƙwaƙwalwa take buɗewa tana rufewa, takan maƙale a buɗe, balle a kayan hannu da ya daɗe jibge cikin shago. Akwai kuma na'urar da take gefen marfi, mai shaida wa ƙwaƙwalwa ko ƙafa tana bisa totur. A motoci da yawa, in marfi yana rufe, mita takan nuna kamar rabin bolt cikin bolt 5. In an ɗaura ta a karkace, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ana taka mota. Haka kuma papiyon biyu sukan yi kama, ramukan noti su dace, amma na wani inji ne dabam. Mai zuwa saye, ko a Maraɗi ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da tsohon a hannu, a gwada lamba da lamba, soket da soket.

Wata al'ada ma tana da hannu cikin wannan ciwo. Mota tana isowa daga Turai, sai a cire mata tarmosta, wai ƙasarmu da zafi. Da sanyin hunturu injin da ba shi da tarmosta yakan daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwa kuwa tana ta ba shi mai da iska irin na safiya. Haka in an zubar da ruwa wajen canjin papiyon, ba a cika lagireto an fitar da iska ba, na'urar auna zafi takan yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya.

Sababbin motoci ba su da wayar totur sam. Ɗan injin lantarki ne yake juya marfi. Irin waɗannan kada a tura marfinsu da yatsa da ƙarfi, kuma cire batir ba kullum yake isa ba. Kowane kamfani da yadda ake koya wa ƙwaƙwalwarsa sabon papiyon, waɗansu sai an jona na'urar bincike. Motocin Amurka tun 1996, da na fetur na Turai tun 2001, duk suna da soket ɗinta kusa da sitiyari. In ta nuna lamba P0507, ma'anarta silo ya wuce ƙa'ida. Ba ta faɗin dalili, sai an bi tiyo da juwan kamar yadda aka bayyana.

Kafin direban ya tafi, bakanike ya ɗauki tsohon papiyon ya wanke shi, ya ɗaga shi ga rana. Marfi bai ci ba, ƙarfe bai tsage ba, datti ne kawai. Ya buɗe gidan matacin iska, ya tarar da shi huje, jar ƙurar hanyar Gabi tana wucewa kai tsaye.

Ya ce, "Wannan za ka canza yau. Tsohon papiyon kuwa ajiye shi cikin but, lafiyarsa lau."