Wa Zai Gyara Injin Ban Ruwa?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko Bichi ya ga yadda gonaki su ke manne da juna, ba saura, ba daji. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke jiran rabo a cikinsa. Abin da ya rufa wa talaka asiri shi ne noman rani, a fadamu da bakin madatsun ruwa irin Watari da Tomas. Noman rani kuwa ya bar hannun jigo, ya koma hannun inji.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, manoma da dama sun koma ga famfo mai aiki da hasken rana. To, a nan gizo ke saƙar. Injin fetur in ya ƙi tashi, makaniken kasuwa ya san kansa. Amma wannan sabon, rabinsa ƙarfe ne, rabinsa lantarki. Makanike ya ce ciwon na waya ne, mai haɗa waya ya ce na ƙarfe ne, tumatir kuwa ba ya jiran a je Kano a komo.

Alhali akwai ilmin da ya haɗa biyun, watau sanin inji tare da lantarkin da ke juya shi. Ana koyar da sassansa a Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano da ta Hussaini Adamu a Kazaure, shekara biyu yaro ya sami difloma. Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bichi kuma tana horad da malaman sana'a. Ba nisa ya hana 'ya'yanmu zuwa ba, raini ne, kuma mu malamai muna da hannu a ciki. Yaro mai kaifin kai mu kan nuna masa jami'a, wanda mu ka ga bai kai ba shi mu ke tura wa aikin hannu, kamar horo. Ma'aikatu ma sun taya mu, gama suna fifita mai digiri bisa mai babbar difloma. Majalisar Tarayya ta zartad da dokar kawar da wannan bambanci a 2021, ba a sa mata hannu ba.

Ba mu manta da tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ba. An sayo injunan koyarwa daga ƙasashen waje, da yawa suka yi tsatsa cikin akwatunansu a makarantun ƙauye, don ba wuta, ba malami. Hanzarin rashin wuta dai ya ragu, tun da ranar da ke juya famfon manomi tana iya kunna ɗakin koyon aiki. Saura malami.

Shawararmu ita ce, watannin nan da ɗalibai kan fita koyon aiki a daina kai su ofis suna ɗaukar fayil. A kai su Watari da rani, lokacin da famfuna ke lalacewa, kowanne da akwatin kayan aikinsa da malamin da zai duba hannunsa.